Shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu na buƙatar makiyayi

Duk wanda ya tsaya gaban Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu zai ga shanu zane a jikin dutse. In ya ƙura ido, zai lura ba su da tozo. Shanun da ake korawa yau a hanyar Gwaram kuwa, kusan kowacce da tozonta.

Wannan ya nuna irin mutumin da ya yi zanen. Abin da idonsa ya gani ya zana, bai ƙara ba. Sai wanda ya daɗe zaune da garke ne zai bambanta mai dogon ƙaho da mai gajeren ƙaho irin muturu, ya haɗa jan launi, ya fitar da su a kan dutse. Bai bar suna ba, amma ta hannunsa aka san irin dabbobin da aka taɓa kiwo a wannan yanki.

Tun shekarun 1950 Bernard Fagg ya yi rubutu kan zanen da duwatsun wurin masu amo kamar kuge. Yau Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke kula da su, sai dai ita kaɗai ba za ta iya ba. Yaro ɗaya da gawayi ya isa ya ɓata abin da ya jure damina bayan damina.

Ya kamata gwamnatin Jigawa ta sa masu gadi, ta hana fasa dutse kusa da wurin, makarantun Birnin Kudu da Gwaram kuma su riƙa kai ɗalibai su gani da idonsu.