Takarda Ba Ta da Ƙafa

Babu wanda ya taɓa neman takarda a biron hukuma da bai san maganar nan ba: "Je ka, ka dawo gobe." Gobe ta yi, a ce sai jibi; jibi ta yi, a ce mai sa hannu ya yi tafiya. In abin ya ishi talaka, sai ya ce ma'aikata ragwaye ne. Su kuwa ma'aikata su ce aiki ne ya yi yawa, hannuwa sun yi kaɗan. Kowa da tasa gaskiya, amma akwai ta uku wadda ba a cika dubawa ba, ita ce hanyar da takardar kanta take bi daga teburi zuwa teburi. Ruwa ba ya tsami banza.

Wani abin da ya faru a Amurka ya isa misali. Masana biyu, Michael Hammer da James Champy, sun ba da labarinsa cikin littafin da suka fitar a 1993. Kamfanin IBM ya kafa wani reshe don ba masu sayen injunansa bashi. Kowace buƙata sai ta ratsa wuri 5: a na farko a rubuta ta, a na biyu a bincika ko mai nema zai iya biya, a na uku a gyara sharuɗɗan yarjejeniya, a na huɗu a yanke ruwan da za a ɗora, a na biyar a rubuta wasiƙar amsa. Kafin a gama an yi kwana 6 ko 7, wani lokaci har mako 2, mai saye kuwa yakan gaji ya koma wurin wani.

Maganin farko da shugabanni suka kawo shi ne kafa wani teburi na musamman, inda kowace takarda za ta riƙa komawa a rubuta inda ta kai. Aka san inda takarda take, amma jinkiri sai ya ƙaru, don an ƙara mata zango. Daga baya manyan ma'aikata biyu suka ɗauki buƙata guda da hannunsu, suka bi da ita wuraren nan 5, suna roƙon kowa ya ajiye abin da yake yi ya duba ta nan take. Aikin duka bai wuce minti 90 ba. Ashe sauran kwanakin takarda kwance take yin su, tana jiran wanda zai ɗauke ta. Sai aka damƙa kowace buƙata ga ma'aikaci ɗaya, ya bi ta daga farko har ƙarshe, ba ya neman gwani sai in ta zo da wuya. Kwana 7 suka koma awa 4.

Wannan darasi ya shafi Nijar kai tsaye, kuma takardar haihuwa ta isa shaida. Dokar 1 ga Yuli 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. A gidan likita ko a wurin mai rubutawa na ƙauye ake sanarwa. Daga nan bayanin ya tafi ma'aikatar magajin gari, a shigar da shi rajista, a sa hannu, a buga hatimi, sa'an nan takarda ta komo ga iyaye. Rubutun duka ba ya cin yini guda. Amma tsakanin ƙauye da gari akwai jiran mota, tsakanin sakatare da mai sa hannu akwai jiran dawowa, bayan an gama kuma akwai jiran wanda zai mai da ita. Uban da ya bar gonarsa da damina sau biyu ya komo hannu banza, da wuya ya yi tafiya ta uku. Maƙwabcinsa da ya ga haka kuwa ba zai ma fara ba. Wa'adi ya wuce, sai an je gaban alƙali. Ranar da yaro zai shiga jarrabawa ko zai nemi katin ɗan ƙasa, ranar ce zai biya bashin jinkirin da ba shi ya jawo ba.

Saboda haka ya wajaba ga kowane shugaban ma'aikata, daga Yamai har Damagaram, ya ware yini guda ya bi sawun takarda ɗaya da ƙafarsa, gani ya kori ji. Ya ƙirga hannu nawa ta ratsa, ya rubuta minti nawa aka yi ana aiki a kanta da kwana nawa ta yi kwance. A kowane teburi ya tambaya: me wannan sa hannu ya ƙara? Wanda yake tsare dukiyar jama'a ko yake hana ƙarya, a bar shi, a ƙarfafa shi. Wanda ba shi da hujja sai "haka aka tarar", a kawar da shi. Inda rashin mutum ɗaya yake tsai da aiki, a naɗa wanda zai sa hannu a madadinsa.

Abu biyu kuma ya kamata a kiyaye. Na farko, kada a ɗauka kwamfuta ce magani; in aka zuba karkatacciyar hanya cikin na'ura, karkatar tana nan, kuɗi kawai aka kashe. A miƙe hanya tukuna. Na biyu, kada a yi gyara a bayan idon ƙananan ma'aikata. Sakatare da ɗan aike sun fi kowa sanin inda takarda take kwana, amma ba za su faɗa ba in suna tsoron gyaran zai raba su da abincinsu. A tabbatar musu cewa jinkiri ake kora, ba mutane ba.

Wannan aiki ba ya bukatar taimakon ƙasashen waje, ba ya jiran sabon kasafi. Alƙalami, takarda da agogo sun isa. Talaka ba ya ganin hukuma sai ta tagar biro, kuma da abin da ya tarar a nan yake auna ta. Takarda ba ta da ƙafa. In ta kwana a hanya, tsari ne ya kwantar da ita, tsari kuwa mutane suka shimfiɗa shi, su ne kuma za su gyara shi.