Kafin ka kwashi kuɗin adashinka ka sayi sifika mai wat 5,000

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ko titin Beirut a Kano da niyyar sayen sifika ya san yadda cinikin ke tafiya. Mai shago zai jona wayarsa, ya murɗa ƙara har ƙarshe, gilashin kanta ya kama rawa, sannan ya nuna maka lambar da ke jikin kwali: wat 5,000. Kai kuwa ka ji ƙugi a ƙirjinka, ka biya, ka ɗauka. Bayan sati biyu sai ka lura muryar mawaƙin tana nitsewa cikin gunji, kunnenka yana gajiya tun kafin waƙa ta uku.

Ni a ganina, yawancin matasan da ke son gyara sautin ɗakinsu daga jela suke farawa. Sabuwar sifika ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a saya, ba na farko ba.

Mu fara da wannan lambar ta jikin kwali. Idan ka duba da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta PMPO a gefenta. Wannan awo ne na ƙarfin da na'ura za ta iya fitarwa cikin ƙiftawar ido, kuma babu wata ƙa'ida guda da kamfanoni suka yarda da ita wajen lissafa shi, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Awon da ke da ma'ana shi ne RMS, wato ƙarfin da za ta iya riƙewa tana aiki ba tsayawa. Gwajin ma mai sauƙi ne: juya bayan na'urar ka karanta yawan wutar da take ja. Abin da ke jan wat 60 daga soket ba zai taɓa ba ka wat 5,000 na sauti a kai a kai ba. Ko da wat ɗin na gaskiya ne, ninka shi sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma.

To ina matsalar take? Sau da yawa tana cikin wayarka. Waƙoƙin da muke karɓa ta Xender ko a wurin masu tura waƙa a memori, da yawansu an ciro su ne daga bidiyon YouTube ko TikTok, an matse, an sake matsewa. Duba nauyin fayil ɗin. Waƙar minti huɗu a MP3 mai 128 kbps ba ta kai megabayit 4 ba, amma a 320 kbps tana kusan megabayit 10. Faifan CD kuwa 1,411 kbps yake ɗauka. Abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa, ko da wani ya sake mayar da fayil ɗin 320 don ya yi nauyi. Kuma sifika mai kyau ba ta rufa wa mummunan fayil asiri, tona shi take yi. Idan a Spotify, Boomplay ko Audiomack kake saurare, shiga saitin manhajar ka ɗaga ingancin sauti. Za ta ƙara cin data, gaskiya ne, amma ai kana iya sauke waɗanda ka fi so lokacin da ka samu Wi-Fi ko garaɓasar dare.

Sai hanyar da waƙar ke bi daga waya zuwa sifika. Bluetooth ma matse sauti yake yi. Tsarin da kowace na'ura ke da shi, SBC, ba ya wuce kusan 328 kbps. Akwai LDAC na kamfanin Sony da ke kaiwa 990 kbps, yana cikin Android tun sigar 8.0 ta 2017, amma sai idan ita ma sifikar ta san shi, kuma masu araha ba kasafai suka san shi ba. A nan ba na cikin masu tsananin ra'ayi: Bluetooth na yau ya wadatar da yawancin mutane. Sai dai idan sifikarka tana da ƙofar AUX, kebul mai kyau guda ɗaya zai raba ka da yankewar sauti duk lokacin da ka fita tsakar gida da waya a aljihu. Wayar da ba ta da ramin iyafis kuma, ƙaramin mahaɗin USB-C ya isa.

Abin da aka fi rainawa shi ne ɗakin kansa, alhali gyaransa ko sisi ba ya ci. Ɗakunanmu na yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, POP a sama. Sauti yana dukan waɗannan ya dawo ya haɗu da wanda ke fitowa, sai kalmomi su cakuɗe. Shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri tsakaninka da sifika, saki labule, ka ji bambanci. Sannan ka daina jera sifikun biyu a manne a kan teburin talabijin kamar kayan jeren amarya. An yi su biyu ne don ɗaya ta ɗauki hagu ɗaya ta ɗauki dama. Raba su, ta yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa inda kake zama, su fuskance ka, ƙananan bakunan da ke fitar da siririn sauti su zo daidai kunnenka. Wufa kuwa idan ka cusa ta a kusurwa, bango biyu za su kumbura ƙuginta har ya danne komai. Jawo ta gaba kaɗan, ka rage mata murɗi. Maƙwabta ma za su sa maka albarka.

Na san wani zai ce shi ƙugin yake so, don biki ko taron abokai. Babu laifi, wannan buƙata ce daban, kuma babbar sifika mai batir da ake ja kamar akwati ta fi dacewa da ita. Amma ɗaki mai faɗin mita uku ko huɗu ba filin biki ba ne. Sifiku biyu masu kyau, kowacce wat 20 zuwa 30 na RMS, sun ishe shi har da saura, kuma ba za su zuƙe batirin sola kafin tsakar dare ba.

Idan ka yi duk wannan kuma har yanzu sautin bai yi maka ba, to lokacin saye ya yi. Je da wayarka da waƙar da ka sani kamar yunwar cikinka, kada ka yarda a gwada maka da ta mai shago. Zaɓi wadda murya ta fito fili a cikinta, ko kalangun Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, domin irin waɗannan ba su da ƙugin da sifika za ta ɓuya a bayansa. Ka ce a rage ƙarar zuwa yadda za ka saurara da dare, sannan ka tsaya ka ji ko kowace kalma tana fita.