Tarihin Walpole: Ba Kirari, Ba Zambo

Jama'a, a yau idan malami ya ba da aikin gida, ko kuwa aka sa ƙaramin ma'aikaci ya shirya wa maigidansa jawabi, wurin da akan fara leƙawa shi ne kundin sani na intanet, watau Wikipedia. Kowa na iya rubutu a cikinsa, kowa kuma na iya gyara. Saboda haka duk kuskuren da muka gani muka wuce, da mu aka yi shi. Muna kira ga masu karatun tarihi da kimiyyar siyasa su ɗauki tarihin Robert Walpole (1676 zuwa 1745), wanda ake ɗauka shi ne Firayim Ministan Birtaniya na farko, su rubuta shi da Hausa yadda ya kamata.

Wani zai ce, ina ruwanmu da Baturen da ya mutu tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, alhali ga tarihin magabatanmu yana jiran marubuta? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma kujerar da Walpole ya fara zama a kai ita ce irin wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya hau a 1957, ya riƙe har 1966. Wanda bai san yadda aka sassaƙa kujera ba, da wuya ya gane inda take ɗingishi.

Gyara na farko shi ne na muƙamin kansa. Babu takardar da ta naɗa Walpole Firayim Minista. A 1721 an ba shi shugabancin Baitulmali, ya riƙe har 1742. A zamanin nan sunan "Firayim Minista" gori ne na abokan hamayya, shi kansa kuma ya ƙaryata shi a gaban majalisa a 1741. Wasu masana ma daga 1730 suke fara lissafi, shekarar da abokin aikinsa Townshend ya sauka. Tilas ne kundi ya kawo ra'ayoyin biyu.

Na biyu, kada a ɓoye masa cibi ranar wanka. A 1712 majalisa ta kore shi, aka tsare shi a kurkukun Hasumiyar Landan bisa zargin cin hanci a kwangilar harawar dawakin soja. Sai dai a faɗa cewa abokan gabarsa na jam'iyyar Tori ne ke da rinjaye a lokacin. Da Kamfanin Tekun Kudu ya durƙushe a 1720, dubban mutane suka tsiyace, shi ya daidaita al'amura, shi ne kuma ya yi wa manyan fada labule. Wannan kamfani ne ya karɓi yarjejeniyar kai bayi 4,800 daga Afirka zuwa ƙasashen da Sifen ke mulka a nahiyar Amurka kowace shekara. Marubucin da ya fito daga Afirka ta Yamma ba shi da uzurin tsallake wannan. A 1737 kuma Walpole ya sa aka kafa dokar tace wasan kwaikwayo, bayan marubuta sun dame shi da habaici.

Na uku, a ba shi haƙƙinsa. Ya rage harajin ƙasa, ya kuma tsare Birtaniya daga yaƙi shekara da shekaru, har aka fi ƙarfinsa aka shiga yaƙi da Sifen a 1739. Da jama'a suka tayar a kan harajin taba da giya a 1733, ya janye. Da Sarki Joji na Biyu ya ba shi gida mai lamba 10 a Titin Downing, ya karɓa da sharaɗin ya zama na ofis, ba nasa na kansa ba.

Ga ma'aikacin gwamnati, darasin a fili yake. Walpole ya riƙe majalisa da rabon muƙamai da kwangila, ranar da rinjaye ya kuɓuce masa kuwa, dole ya sauka.

To, 'yan'uwa, kowace magana a ɗaura mata hujja daga littafi, da sunan marubuci da shafi. Kada a zuba wa na'ura Turanci a kwaso abin da ta amayar. Hannun da ya koyi yi wa baƙo adalci, shi zai iya rubuta tarihin namu shugabanni ba roƙo, ba zambo. Allah ya sa mu dace.