Filin Masu Mota: Ba Kowane Ƙyalli Ne Gyara Ba

A wannan mako za mu taɓa maganar fentin mota da mayukan da ake goge shi da su. Dalili kuwa, wani abokina a nan Maiduguri ya sayi baƙar mota a hannun wani dillali, tana sheƙi har mutum na iya gyara hularsa a jikin ƙofarta. Da aka wanke ta sau uku, sai ga karce ya fito ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. Ya rantse mai wanki ne ya ɓata masa. Alhali kuwa karcen yana nan tun farko, an dai lulluɓe shi ne.

Kafin mutum ya sayi kowane gwangwani, ya kamata ya san irin fentin da ke jikin motarsa. Motocin da, kamar yawancin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, fentinsu falle ɗaya ne, launi da ƙyalli a haɗe. Motocin yanzu kuwa launi ne a ƙasa, sa'an nan a fesa wani farin ruwa mai kama da gilashi a bisansa. Kaurin wannan ruwa kusan rabin kaurin takardar rubutu ne kawai, kuma shi ne ke tare wa launin zafin rana. Gwajin ba wuya: a ɗiga ɗan folish a farin ƙyalle, a murza a wani lungu. In ƙyallen ya ɗauki launin motar, falle ɗaya ne; in bai ɗauka ba, akwai ruwan sama.

To, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, goge karce ba cike shi ba ne, kankare fentin da ke kewaye da shi ne har su yi daidai. Watau duk ranar da aka sa wa mota injin goge, an rage mata abin da ba ya komowa. Saboda haka mai hankali yakan fara da mai mafi laushi, a kan wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ya duba cikin haske. Sai in bai ci ba ne zai koma ga mai kaifi, wanda masu fenti ke kira kwamfawun, irin su Farécla G3. Shi kwamfawun yakan kashe karce, amma yana barin dushi-dushi, don haka lalle folish mai laushi ya biyo bayansa. Wanda ya juya wannan tsari ya rushe aikinsa da hannunsa. Karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa kuwa ya wuce goge, sai dai mai fenti.

Shi kuma gilez, wanda ya ci abokina, ba ya kankare kome. Maiƙo ne da ke kwanciya cikin ƙananan karce, ido ya ga sumul. Ban ce haramun ne ba. Ga tsohuwar motar da fentinta ya yi sirara, ya fi a ci gaba da cin ta da inji, muddin mai ita ya san kwalliya ya saya, kuma kwalliyar ba ta jure wanki. Wurinsa bayan folish ne, kafin kaki. Kakin shi ne rufi na ƙarshe. Wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na ƙasar Barazil ya fi kyaun gani, amma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba ya daɗewa. Na haɗin masana'anta ya fi shi juriya. Wanda kuma aka yi wa sabon fenti, ya tambayi mai fentin tsawon lokacin da zai jira kafin ya sa kaki, gama fenti yana bukatar makonni kafin ya gama bushewa.

Amma fa gaskiyar magana, yawancin karcen motocin Borno ba a kan hanya ake samunsa ba, a ƙofar gida ne. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele a arewacin Cadi takan kwana a kan mota, da safe yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya bi ta da murza, yana zagayawa. Wannan da gugar takardar yashi duk ɗaya ne. Haka aka yi wa motoci da dama bayan ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba na 2024, inda aka yi ta dirzar busasshen laka maimakon a jiƙa shi ya sauka da kansa. Ruwa ne farko, mai yawa, kana sabulun mota, ba omo ba, domin omo yana tafiya da kakin.

Aikin goge kuma ba a yin sa a tsakar rana, sai ƙarfen ya huce. Na san inuwar darbejiya ita ce kusa da kowa a wannan gari, sai dai 'ya'yanta da kashin tsuntsu suna cin fenti in suka kwana, don haka rumfa ta fi.

Da abokina ya koma wurin dillalin, amsar da ya samu ita ce, ai da idonsa ya gani kafin ya biya. Da ya ce a wanke masa ƙofa ɗaya da sabulu, ya duba ta cikin rana kafin ciniki ya faɗa, da kuɗin da ya ba mai fenti daga baya ya fita daga cikin farashin.