Alawus ɗin gida albashi ne, kada a rataye shi a wuyan bashi

Akwai wata magana da ta zama tamkar karatun allo a bakin 'yan boko: wai kuɗin haya asara ne. Da zarar matashi ya sami aiki a banki ko kamfanin sadarwa ko wata hukumar tarayya, aka rubuta masa alawus ɗin gida a takardar ɗaukar aiki, sai nasihohi su taso masa ta ko'ina. Kawu zai ce ya daina azurta mai gida. Abokan ofis za su nuna masa hoton filayen da suka saya a bayan gari. Surukai kuma, ko ba su furta ba, ana jin tambayar a cikin gaisuwarsu. Ni dai ina ganin wannan nasiha, yadda ake bayar da ita ba tare da lissafi ba, ta jefa mutane da yawa cikin ƙuncin da haya ba ta taɓa jefa su ba.

Mu fara da asalinta. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alfarmomin ma'aikata kuɗi: maimakon a ba ma'aikaci gidan gwamnati, sai a biya shi alawus ya nemi wurin zama da kansa. Bayan haka aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya a Abuja, waɗanda ke zaune a ciki suka sami damar saye. Da yawa daga waɗanda suka saya a wancan lokaci sun ci riba mai kauri, kuma su ne iyaye da kawunnan da ke yi mana huɗuba yau. Gaskiya suke faɗa game da zamaninsu. Sai dai wannan gwanjo an yi shi an gama. Ma'aikacin yau daga hannun dillali zai saya, a farashin kasuwa, da bashin da kuɗin ruwansa kan ci mutum da ransa.

Ga lissafin da ba a son yi. A ce gida ne na naira miliyan 60, kuma ana ba da irinsa haya a miliyan 3 a shekara. Ka tara miliyan 12 ka ajiye a matsayin kafin alƙalami, banki ya ranta maka miliyan 48. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, saboda haka idan muka ce bankin kasuwanci ya caje ka kashi 25, ba mu yi masa ƙazafi ba. Kuɗin ruwa kaɗai a shekarar farko ya kama miliyan 12, wato hayar shekara huɗu, alhali uwar kuɗin tana nan kusan yadda take. Wanda ya ce kuɗin haya asara ne, me zai kira wannan? Mai haya ya biya miliyan 3 ya sami wurin kwana. Mai bashi ya biya ninki huɗu don wurin kwana iri ɗaya, ga gyaran rufi da famfo da kuɗin ƙasa duk sun dawo kansa.

Babban kuskuren ma yana cikin yadda ake kallon alawus ɗin kansa. Ana ɗaukarsa kamar gadon da ba ya ƙarewa, alhali igiyarsa tana hannun wanda ya ɗauke ka aiki. Ranar da aikin ya ƙare, ranar alawus ya ƙare, bashi kuwa na shekara goma ko ashirin ne kuma bai san sallama ba. A wuraren da ake biyan kuɗin a dunƙule a farkon shekara, wanda ya bar aiki a tsakiyarta yakan tarar ana bin sa ragowar. Ga kuma canjin wurin aiki. A farkon 2024 Babban Bankin ya mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya ita ma ta mayar da hedikwatarta can. Duk wanda irin wannan umarni ya riska yana tsakiyar biyan bashin gida, sai ya haɗa haya a sabon gari da bashi a tsohon gari, da alawus guda.

Wasu za su ce su ba ruwansu da banki, gini za su yi sannu a hankali. Na san wani abokin aiki da ya bi wannan hanya. Shekara biyar yana zuba alawus ɗinsa a wani fili da ke nesa da gari, iyalinsa na matse a ɗaki biyu. Ginin ya kai linta, sai buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, aiki ya tsaya cak. Yau yana da kango da ciyawa ta rufe, yana kuma biyan haya. Bai ma mallaki takardar shaidar mallaka ba, sai rasit ɗin dillali da sa hannun mai unguwa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma mayar da mallakar fili mai takardar gwamnati zuwa wani yana buƙatar amincewarsa. Mazauna Abuja da Kano sun ga abin da rusau ke yi wa ginin da hukuma ta ce ba ya kan ƙa'ida.

Masu ra'ayin saye suna da hujja ɗaya mai nauyi, kuma zalunci ne a ɓoye ta. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Kuɗin da aka ajiye a asusu narkewa yake yi, mai gida kuma yana ƙara haya yadda ya ga dama. Ƙasa da gini sun fi naira riƙe daraja. Wannan haka yake. Amma hujjar tana aiki ne idan kuɗin sayen mai sauƙi ne. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin masu zubi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba su rance a kan kashi 6, har tsawon shekara 30. A wannan farashi, ruwan miliyan 48 bai kai miliyan 3 ba, wato ya yi kunnen doki da haya. Layin yana da tsawo, takardun suna da yawa, amma ya cancanci a jira. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta yarda ma'aikaci ya yi amfani da kashi 25 na asusun fanshonsa wajen biyan kafin alƙalamin bashin gida. Wanda kuma ke gudun riba yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ, sai dai ya karanta ribar da suka ɗora da idon basira, domin rashin kuɗin ruwa ba ya nufin arha.

Shawarata ita ce a raba abu biyu da al'ada ta cakuɗa: wurin zama da wurin ajiye dukiya. Ka kama haya kusa da wurin aikinka, ƙasa da abin da alawus ɗinka zai iya ɗauka, kada ka cinye shi duka don unguwa mai suna. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ma ta ba mai haya rangwamen kashi 20 na hayarsa, iyaka naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai. Rarar da ta saura ka tara ta a inda za ta yi tsere da hauhawar farashi. Kafin ka sa hannu a takardar saye, ka amsa tambaya uku tsakaninka da Allah. Idan alawus ya tsaya gobe, zan iya ci gaba da biya na shekara guda? Ina da tabbacin zama a garin nan aƙalla shekara bakwai? Lauyana ya je ma'aikatar ƙasa ya ga fayil ɗin da idonsa? Idan ɗaya ta zo da a'a, lokaci bai yi ba.

Mallakar gida buri ne mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai so ya tsufa a gidan wani. Amma kawun da ya matsa maka ka saya ba zai zo ranar da banki ya aiko da takardar gargaɗi ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.