Mayar da batirin mota but: rowar waya ba ta da riba

Duk mai son riwaya ya mayar masa da batir zuwa but, ya fara tambayar kaurin wayar kafin kuɗin aiki. Kik na iya jan amfiya 150 zuwa 200 lokacin tayar da inji, kuma tazarar ta kai mita 4. Siririyar waya za ta yi zafi, motar ta riƙa nauyin tashi.

Waya mai kaurin sukwaya milimita 35, ko 50 ga babban inji, ta jan ƙarfe zalla, ita ce daidai. A Panteka a kankare bakinta a duba, domin akwai alminiyum mai rufin jan ƙarfe.

Fiyus kuma dole ya zauna dab da batir. Idan babu shi, ranar da wayar ta goge jikin bodi, gobara ce.