Sabara Ba Ta Taɓa Uwar Kuɗinta

Wanda ke zaune a Unguwar Boro, kudu da Kogin Kaduna, inda ruwan shekara kan kai milimita 1,200, ya saba ganin itace ya miƙe sama ya yi inuwa. Amma a Maraɗi, inda da ƙyar ake samun rabin wannan, sai ya tarar da sabara da kalgo da geza sun tsugunna ƙasa. Dalili kuwa shi ne yadda kowane tsiro ke kasafta abincin da ganyensa ya sarrafa: kashi ga saiwa, kashi ga reshe, kashi ga fure da iri.

Karangiya, mai kwana kaɗan, takan zuba duk abin da ta samu cikin iri kafin damina ta ɗauke, sa'an nan ta mutu. Sabara kuwa saiwa take fara ciyarwa, ta nutsa neman danshi, ta tara abinci a kututture. Saiwa ce uwar kuɗi, iri shi ne riba. Shekarar fari irinta kan ragu, amma gindinta na nan da rai. Don haka ko manomi ya sassabe ta, sai ta sake tohowa.

A kan wannan ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya dogara a jihar Maraɗi tun 1983, bayan farin 1973 ya tsiraita ƙasa. Manoma suka riƙa barin tohon kututture suna gyara shi, suna zaɓen rassa masu ƙarfi. An ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

To, ga inda abin ya shafe mu. Itacen girki da gawayin da muke saye a Kaduna daga daji suke fitowa. Reshe in an sare shi zai dawo. Kututturen da aka tone kuwa ya tafi, sai a jira iri ya tsiro, a ƙasar da yawancin ƙananan tsiro ba sa tsallake ranin farko.

Saboda haka, ɗan kasuwa mai sarin itace ya ƙi karɓar saiwa da kututture. Ma'aikaci mai gona a ƙauye ya gargaɗi 'yan ƙwadago su bar gindin sabara da kalgo in sun zo sassabe.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.